'Yata na da cutar siliyak, za mu Disney World: in dogara da abincinsu?

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata mai shekara 9 an gano tana da cutar siliyak bara, likita ya hana ta duk abin da ke da alkama. A gida mun saba, har ta murmure. Yanzu babansu zai kai mu Disney World a Orlando a hutun Agusta, kwana 5. An ce mini gidajen abincin can suna da abinci marar gulutin. In dogara da su, ko in riƙa dafa mata komai da kaina?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya ƙara mata lafiya, Ya kai ku lafiya Ya dawo da ku lafiya.

Za ta iya cin abincin can. A cikin manyan wuraren shaƙatawa, Disney World yana sahun gaba wajen kula da masu irin wannan lalura, kuma iyalai da yawa suna zuwa su dawo ba abin da ya sami yaransu. Sai dai a aikina na ba da shawara kan abincin marasa lafiya, kusan duk yaron da aka kawo mini bayan tafiya yana amai da gudawa, iyayensa sun karanta takardar abinci da kyau, sun kuma zaɓi abin da aka rubuta ba shi da gulutin. Inda suka yi sake shi ne ba su yi magana da wanda hannunsa ya taɓa abincin ba. A nan zan fi tsayawa.

Bari mu fara da yawan abin da ke cutar da ita, domin shi ne zai sa ki gane dalilin tambayoyin da zan ce ki yi. Gulutin furotin ne da ke cikin alkama da sha'ir da wani hatsin ƙasashen sanyi da ake kira rai. A jikin mai siliyak, garkuwar jiki tana ɗaukarsa abokin gaba, sai ta far wa bangon ƙaramin hanji, ta cinye 'yan tsirarrun da ke tsotse amfanin abinci. A wani bincike da aka wallafa a 2007, wasu likitoci a Italiya, ƙarƙashin Carlo Catassi, sun riƙa ba manya masu cutar ɗan gulutin kullum har kwana 90. Miligiram 50 a rana ya isa ya taɓa hanji. Yanka ɗaya na burodi yana ɗauke da kimanin giram 2, wato ki raba yankan gida 40 ki ɗauki ɗaya. Ɓurɓushi ke nan, irin wanda ke maƙalewa a wuƙa. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. To a nan ido bai san komai ba. Kuma wuta ba ta kashe shi, domin ba ƙwayar cuta ba ce. Man da aka soya kaza mai fulawa a ciki, ko ya tafasa har ya yi hayaƙi, gulutin yana nan.

Doka kuma ga inda ta tsaya. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da ƙa'ida a 2013, ta fara aiki a Agustan 2014, cewa duk abin da aka rubuta wa "gluten-free" dole gulutin ɗinsa ya gaza kashi 20 cikin miliyan, wato miligiram 20 a kilo guda. Lissafin yana da ma'ana: wanda ya ci rabin kilo na irin wannan abinci a rana bai wuce miligiram 10 ba. Amma wannan ƙa'ida ta abincin leda da gwangwani ce. Gidajen abinci an dai buƙace su su bi sahu, ba wanda ke zuwa yana auna farantin da aka ajiye gabanki. Akwai kuma wani rami da ke kama baƙi: dokar Amurka ta tilasta a bayyana alkama a jikin kaya, amma ba ta tilasta a bayyana sha'ir da rai ba. Saboda haka abu zai iya cewa ba alkama a cikinsa, alhali yana da malt, wanda a Amurka kusan kullum daga sha'ir ake yinsa. A Turai lamarin ya fi sauƙi, domin tun Disambar 2014 doka ta ɗora wa gidajen abinci bayyana abubuwa 14 masu tayar da lalura, kuma hatsi masu gulutin duka suna ciki. Da Disneyland ta Faris za ku, da wannan ya taimake ki. A Orlando sai kin karanta da kanki.

Wani bincike da masana daga Jami'ar Columbia suka wallafa a 2019 ya duba gwaji fiye da 5,000 da mutane suka yi da wata 'yar na'ura a gidajen abinci a faɗin Amurka. An sami gulutin a kashi 32 cikin 100 na abincin da aka sayar a matsayin marar gulutin, kuma a fiza da taliya ya haura rabi. Na'urar tana iya kama abin da bai kai iyakar doka ba, don haka adadin yana iya zarce haƙiƙanin haɗarin, kuma binciken ba na Disney ba ne. Duk da haka abubuwa biyu da ya nuna sun dace da abin da nake gani: fiza da taliya su ne mafi haɗari, kuma abincin dare ya fi na safe gurɓata, saboda kafin dare kicin ya sha hidima, fulawa ta tashi ta sauka ko'ina.

Su kansu Disney ba su ɓoye wannan ba. Idan kika duba takardar abincinsu ta masu lalura, kalmar da suke amfani da ita ita ce "allergy-friendly", kuma sun faɗa a rubuce cewa ba su da kicin na daban, ba su kuma ba da tabbacin cewa abinci ba zai haɗu da wani ba. Wasu iyaye wannan rubutu yana tsorata su. Ni yana kwantar mini da hankali, domin na fi yarda da wanda ya ce mini ga iyakar abin da zai iya, a kan wanda ya ce kada in damu ba komai.

Gidajen abincinsu iri uku ne a aikace. Akwai na zama, inda ake kama wuri tun da wuri, ana buɗe kamun kwana 60 kafin ranar, kuma masu farin jini suna cika da sauri, don haka ba a fafe gora ranar tafiya. Akwai na layi, inda za ki biya a kanta ki karɓi tire. Sai kuma 'yan kekuna da rumfunan da ke bakin hanya masu gugguru da askirim da makamantansu. Tsaron abincinta yana raguwa ne a wannan jeri. A na zama, da kun zauna ki gaya wa mai kawo abinci cewa yarinyar tana da siliyak, ki ce kina son ganin kuku. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinsu, an horar da su a kai. A na layi, kada ki yi oda wurin mai karɓar kuɗi kawai. Ki ce akwai lalura, za a kira manaja ko wanda aka ware wa wannan aiki. Abincin zai ɗauki lokaci fiye da na kowa, yawanci kuma ya zo a tire nasa daban, da 'yar alama a soke. Idan ya fito nan take tare da na sauran yara a tire ɗaya, kada ta taɓa, ki koma ki tambaya. Jinkirin nan alama ce mai kyau.

Manhajarsu ta waya, My Disney Experience, tana ba da damar yin oda ba tare da bin layi ba, har da sashen masu lalura. Tana da amfani wajen duba abin da kowane wuri ke sayarwa tun kuna masauki. Amma ga mai siliyak, musamman a wurin da ba ku taɓa ci ba, zuwa da kai ya fi aike. Waya ba za ta gaya miki yau tukunyar suyarsu ta daban ta lalace ba.

To me za ki tambayi kukun? Kada ki ce masa "wannan yana da gulutin?" Zai duba jerin kayan haɗi ya ce babu, kuma bai yi ƙarya ba. Ki tambaye shi hanyar da abincin ya bi.

Ki fara da mai. Dankalin turawa ba shi da gulutin, amma a wace tukunya aka soya shi, kuma me da me ake soyawa a cikinta? A wani bincike da aka wallafa a 2021 an auna soyayyen dankali daga gidajen abinci masu tukunya ɗaya da kayan fulawa, kashi ɗaya cikin huɗu ya wuce iyakar doka. Amsar da kike so ita ce akwai tukunya ta daban da ba a sa komai mai fulawa a ciki, ko kuma za a gasa mata nata a tanda a kan faranti mai tsabta. Sai ruwa. Taliyar shinkafa ko ta masara idan aka dafa ta a ruwan da aka dafa ta alkama, ta tashi daga aiki. Likitocin asibitin yara na birnin Washington sun gwada wannan, duk samfurin da aka dafa a irin wannan ruwa ya wuce iyaka. Wasu kicin ɗin ma a ruwan taliya suke tsoma ganye su ɗumama shi, abin da ba zai taɓa zuwa ran mutum ba. Sai ƙarfen gashi: a kansa ake ɗumama burodin boga? Idan e, a shimfiɗa mata takardar alminiyam ko a sa kasko daban. Sai hannu da wuƙa da katakon yanka: za a canza safar hannu, a ɗauko sababbi? Daga ƙarshe miya da romo da kayan jiƙa nama. Turawa da fulawa suke kaurara miya kamar yadda muke yi da kuka ko kuɓewa, kuma ruwan soya, wato ruwan waken soya mai gishiri na abincin Japan da Sin, da alkama ake yinsa. Akwai ma gidajen abinci a Amurka da ke zuba ƙullin fanke a ƙwai don ya yi laushi ya tashi.

Ki lura da yadda aka amsa miki fiye da abin da aka amsa. Wanda ya san aikinsa zai ce miki tukunya kaza ce, ko ya ce bari ya duba ya dawo. Wanda ya ce "ina jin ba komai" ko ya tambaye ki ko shinkafa tana da gulutin, ki yi masa godiya ku nemi wani wuri.

Yanzu ga abin da na fi jin tsoro a kanki, kuma ba laifinki ba ne, tarbiyya ce. Mu an rene mu da kunya da kawaici. Ba ma son a ce mun cika fitina, ba ma son tsayar da layi, ba ma mayar da abincin da aka kawo mana. Ni kaina na faɗa wannan rami. Shekarun baya na raka ɗan ƙanwata mai wannan cuta wani wurin shaƙatawa, ba wanda za ku je ba. Rana ta take, yaro yana kukan yunwa, mutane sun yi dogon layi a bayana. Na tambayi yarinyar da ke kanta ko dankalinsu ba shi da gulutin, ta ce ba shi da shi. Tambayar mai tana bakina, na waiga na ga idanun mutane, na haɗiye ta. Ba mu kai gida ba ya fara amai a mota, ya kwana biyu bai san inda kansa yake ba. Ni da nake koya wa mutane wannan abu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Hajiya. Kuma ki sani a can ba wanda zai ga baƙinki. Iyayen yara masu lalurar gyaɗa da madara suna yin tambayoyin da suka fi naki tsawo kullum. Idan Turanci yana yi miki nauyi a cikin hayaniya, ki sa a buga miki ɗan kati mai bayanin cutar da abin da ba ta ci da waɗannan tambayoyi, ki miƙa a kai wa kuku. Ki riƙa cewa siliyak ce, likita ne ya hana. A Amurka akwai masu barin alkama don gayu ko rage ƙiba, kuma ma'aikaci yana sassauta kulawa idan ya ɗauka irinsu ce.

Abincin ɗebi-da-kanka, irin na Tusker House a Animal Kingdom, ɗaya daga filayen wasa huɗu na Disney World, ko Boma a otal ɗin da ke kusa da shi, yana da daɗin ido amma shi ne na fi shakka. Kicin yana iya yin komai daidai, sai wani baƙo ya ɗauki cokalin makaroni ya tsoma a shinkafa, ko yaro ya riƙe burodi a saman tiren kaza. Idan kun je irin wannan wuri, kuku ya nuna miki abin da ya halatta mata, sa'an nan ki roƙa a zubo mata nata daga cikin kicin, daga tukunyar da ba a fito da ita ba. Suna yi idan an nema.

EPCOT, wani daga cikin filayen, yana da rumfunan ƙasashe 11 kewaye da tafki, kuma can ne na fi so ki buɗe ido, don wasu gidajen abincin wasu kamfanoni ne ke tafiyar da su, kamar yadda yawancin na Disney Springs, kasuwar Disney ta shaguna da gidajen abinci, suke, kowa da tsarinsa. A ɓangaren Maroko za ki ga kuskus, zai yi miki kama da dambu ko burabusko, hankalinki ya kwanta. Na alkama ne, tsantsarta. A ɓangaren Ingila kifin an tsoma shi a ƙullin fulawa. A na Japan ruwan soya yana cikin kusan komai, sai an nemi wanda ba alkama. A na Faransa gidan burodi ne, iskar wurin ma fulawa ce. Na Meziko ya fi sauƙi saboda wainar masara, amma suna da ta fulawa, kuma sau da yawa a ƙarfe ɗaya ake ɗumama su.

Akwai inda wannan lalura ke karo da wata buƙatar tamu, ba kuma kowa ke faɗa ba. Yawancin mutanenmu idan sun je ƙasar da ba su natsu da yankan nama ba, sai su koma kifi ko abincin masu ƙin nama. To kifin wuraren nan galibi mai rigar fulawa ne, kuma wani naman bogi da ake yi wa masu ƙin nama da gulutin ɗin alkama zalla ake yinsa, ba abin da ya fi shi haɗari gare ta. Har ƙaguwar bogi da ake sawa a abincin Japan tana yawan ɗauke da sitacin alkama. Don haka halal tambaya ce daban, gulutin tambaya ce daban, kowace ki yi ta da sunanta, kuma ta halal ki yi ta tun kafin ranar. Abin da yawanci ke tsallake duka biyun shi ne gasasshen kifi marar miya, farar shinkafa, gasasshen dankali da ɓawonsa, dafaffen ƙwai, wake, 'ya'yan itace.

Kayan ƙwalama kuwa, yara ba sa ganin girman kowa a kansu. Doguwar soyayyar fulawa mai sukari da ake kira curo, da murɗaɗɗen burodi mai gishiri, da duk wani abu mai kama da fanke, ba nata ba ne. Askirim a kofi, ba a mazubin biskit ba, kuma ki dubi cokalin ɗiba, don shi ke yawo daga mai biskit zuwa marar biskit. Wanda ya zo a ledarsa da rubutu ya fi. Dole Whip, sanyin abarba da ake sayarwa a rumfar Aloha Isle cikin filin Magic Kingdom, a kofi, yana cikin abin da masu siliyak suka saba sha. Gugguru ma haka, amma ki tambaya a ranar. Tarko biyu da ke kama har waɗanda suka daɗe da cutar: dunƙulen shinkafa mai ƙaras-ƙaras da ake mannawa da alewa, wanda hatsinsa galibi yana da malt, da jar alewa mai kama da igiya, wadda da fulawa ake yinta. Ki kuma sa ido a hannun 'yan'uwanta. Sun ci burodi, sun tsoma hannu a guggurunta, shi ke nan. Ki saya mata nata daban. Man goge hannu mai kashe ƙwayoyin cuta ba ya cire gulutin, sai ruwa da sabulu, ko aƙalla a goge da jiƙaƙƙen tsumma sosai.

Lokacin cin abinci yana da tasiri fiye da yadda ake zato. Tsakanin 12 da 2 na rana kicin yana cikin ruɗani, ma'aikata suna gudu, manaja ba shi da minti biyar da zai ba ki. Ku ci na rana da 11, na dare da 5. Kuma kada ki bari yunwa ta kama ta kafin ki fara neman abinci, domin uwar da 'yarta ke kuka ba ta iya ƙin abin da aka miƙo mata. Abin da ya faru da ni ke nan.

Wannan ya kawo mu rabin tambayarki na biyu. Ba sai kin dafa komai ba, amma kada ki shiga ƙofa hannu rabbana. Disney suna barin a shiga da abinci daga waje, in dai ba a kwalba ba, kuma ba a yarda da ƙanƙara a warwatse cikin kula ba, sai mai leda ko ruwan gora da aka daskarar. Ma'aikatansu ba sa ajiye wa baƙo abinci ko su ɗumama masa, don haka ki nemi fulas mai riƙe zafi. Universal, wani wurin shaƙatawa na daban a Orlando, idan za ku leƙa can, sun fi tsauri a kan abincin waje, amma sun ware wanda ake buƙata saboda lafiya. Takardar likita da Turanci a jaka tana rage dogon bayani. Shawarata ku kama masauki mai kicin, irinsu sun cika Kissimmee da kewaye, ku yi sayayya a Publix ko Walmart ranar da kuka sauka. Ta karya a gida ta ƙoshi, ki zuba mata dafa-duka ko shinkafa da wake a fulas, a ci abinci ɗaya a gidan abinci na zama inda kika yi magana da kuku. A kwana 5, cin waje sau 5 ke nan maimakon 15, kuma kowane ci ɗaya da kika rage, kin rage ƙofar kuskure ɗaya. Tukwanen masauki da matsamin taliya da cokulan katako wasu sun yi amfani da su kafin ku. Ki wanke da kyau, matsami kuwa ki saya sabo, ba shi da tsada.

Zafin Florida a Agusta yana kai maki 33, ga gumi, ga ruwan sama kusan kowace la'asar. Ƙa'idar masana tsaftar abinci a can ita ce dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a waje, idan zafi ya haura maki 32 kuwa awa 1. Na sha ganin an ɗora wa gulutin laifin gudawar da shinkafar da ta wuni a jaka ce ta jawo.

Abin da za ki taho da shi daga gida, ki yi hattara. Kilishi da dambun nama ba sa shiga Amurka, jami'an kwastan za su karɓe, kuma rashin bayyana abinci yana jawo tara. Duk abin ci da ke jakarki ki faɗa musu. Abincinmu na asali, gero da dawa da masara da shinkafa da acca, duk ba su da gulutin, wannan gata ne da 'yarki take da shi a kan yaran Turawa. Amma garin da aka niƙa a injin unguwa bayan an niƙa alkama ba shi da tabbas, ina fata kin riga kin san wannan. A jirgi kuma ki nemi abincin marar gulutin aƙalla kwana 2 kafin tashi, ki riƙe guzuri duk da haka, don ana mantawa.

Za ki ga ana tallar ƙwayoyin da wai suna narkar da gulutin. Kada ki ɓata kuɗinki, kada kuma su sa ki sakaci. Har yau ba maganin da hukuma ta amince yana kare mai siliyak, magani ɗaya shi ne ƙaurace wa abin, kamar yadda likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, ya nuna tun a 1950. 'Yar na'urar gwaji kuma ɗan abin da bai wuce ƙwayar wake ba take aunawa, gurɓata kuwa tana iya kasancewa a ɗaya gefen farantin, sa'an nan ba ta kama gulutin da ke cikin ruwan soya da malt yadda ya kamata.

Ki sa yarinyar a cikin lamarin. Shekara 9 ta isa ta ce da bakinta tana da siliyak, kuma wurin da ma'aikata suka saba da irin wannan magana shi ne mafi daɗin koyo. Nan da 'yan shekaru za ta tafi makaranta ko biki ba ke a gefenta. Ku duba takardun abincin tare da daddare, ta zaɓi abin da take so gobe, don kada ranar ta zama ta "ba ki ci wannan, ba ki ci wancan". Babanta ma ya san tambayoyin, kada ya zama ke kaɗai ce mai gadi. Ranar da kika tafi salla ko banɗaki shi za a bari da su gaban mai askirim.

Idan kuma duk da haka abin ya faru, kada ki firgita. Siliyak ba irin lalurar nan ba ce mai toshe numfashi nan take. Yawanci tashin zuciya da amai suna farawa bayan awa 1 zuwa 2, sai ciwon ciki, gudawa, kasala, wani yaron kuma ba ya nuna komai ko da hanjin ya taɓu, shi ya sa rashin amai ba hujja ba ce cewa wuri yana da tsabta. Ki ba ta ruwa kaɗan-kaɗan, da ruwan gishiri da sukari na leda wanda ya kamata ki taho da shi, ku koma masauki ta huta, washegari abinci mai sauƙi daga hannunki. Kowane ɗaya daga filayen Disney huɗu yana da ɗakin taimakon gaggawa da ma'aikatan jinya, ki nemi inda yake a taswira tun da safe. Idan amai ya ƙi tsayawa, ko ta daina fitsari, ko ta yi laushi ƙwarai, sai asibiti, kuma ku yi inshorar lafiya ta tafiya kafin ku tashi, don kuɗin asibitin Amurka ba wasa ba ne. Kumburin leɓe ko fuska, ko sarƙewar numfashi, wannan ba siliyak ba ce, wata lalura ce daban, lambar gaggawa a can 911. Kuskure ɗaya ba ya rushe warkewar shekara guda. Ki rubuta abin da ta ci da wurin da lokacin, ki gaya wa manajan wurin, idan kun dawo kuma ki nuna wa likitanta a ganinku na gaba, shi zai ce ko akwai buƙatar maimaita gwajin jini.